ƘANANAN DUNIYOYI DA LADABIN SHAIDA

Da sunan Allah muke farawa, kuma a gare Shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ƙagi sammai da ƙassai, Ya ƙawata dare da taurari, Ya sanya wa kowace halitta gwargwado da iyaka. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, a watan Satumba na shekarar 2025 Miladiyya hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, watau NASA, ta bayyana cewa duniyoyin da aka tabbatar suna kewaya wasu taurari, ban da ranarmu, sun kai 6,000. Labari irin wannan idan ya shigo gari, ta rediyo ko ta salula, mutane sukan kasu gida biyu. Wasu su ce ƙaryar Turawa ce, wa ya je can ya gano? Wasu kuwa su karɓa hannu bibbiyu, su ƙara masa gishiri, har su ce an hango gonaki da birane. Duka ɓangarorin biyu sun yi magana kafin su tambayi hujja, alhali kuwa musulmi mutum ne da addininsa ya koya masa tambayar hujja. Saboda haka muka ga ya dace mu bayyana yadda masana falaki ke gano waɗannan duniyoyi, hususan ƙananan cikinsu, da yadda suke tace shaida kafin su yarda da ita, domin akwai wa'azi a ciki ga mai hankali.

Tauraro daban, duniya daban

Ku sani, Allah Ya yi muku rahama, rana tauraro ce cikin taurari, kusancinta da mu ne ya sa ta fi su girma a idonmu. Taurarin nan da muke kira Kaza da Ƴaƴanta, kowane ɗayansu rana ne mai cin wutar kansa. Amma Zara, wadda Larabawa ke kira Zuhura, da Mirrihu da Mushtari da Zuhalu, ba su da hasken kansu; na rana suke ara, kuma kewaya ta suke yi kamar yadda ƙasar da muke takawa ke kewaya ta sau ɗaya a shekara. Irin waɗannan su ne muke kira duniyoyi a cikin wannan rubutu. Akwai manya cikinsu, kamar Mushtari wanda ya ninka duniyarmu nauyi sau 318, kuma mafi yawan jikinsa iska ce. Akwai kuma ƙanana na dutse da ƙarfe, irin tamu. Su ƙananan ake nema ruwa a jallo, domin a bayan irinsu ne ruwa kan iya kwanciya.

Abu biyu ne suka tsananta wannan nema. Na farko nisa. Haske yana cin kilomita dubu 300 a sakan guda. Daga rana zuwa gare mu minti 8 da ƴan sakanni yake yi, amma daga Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana, sai ya yi shekara 4 da kamar wata 3. Na biyu, hasken tauraro yana danne na duniyar da ke gefensa, domin rana ta ninka duniyarmu haske sau kamar miliyar 10. Mai neman ƙaramar duniya da madubin hangen nesa kamar mai neman ƙwayar gero ne a gefen fitilar babbar mota da ta hasko masa ido daga nesa. An samu ɗaukar hoton wasu manyan duniyoyi masu zafi da ke nesa da taurarinsu, amma ƙananan da alama ake sanin su, kamar yadda makiyayi kan dubi sawu a rairayi ya ce raƙumi ya wuce, kuma da kaya a bayansa.

Alama ta farko: rangajin tauraro

Idan babban mutum ya riƙe hannuwan yaro yana jujjuyawa da shi, yaron ne ke yin babbar da'ira, amma shi ma babban sai ya jingina baya yana ɗan zagayawa. Haka Allah Ya tsara tsakanin tauraro da duniyarsa: yana jan ta, tana jan sa. Sai tauraron ya riƙa ɗan rangaji, ya matso wajenmu, ya koma.

To, ta yaya ake sanin haka daga nesa? Kun san jiniyar motar asibiti: in tana tahowa sai muryarta ta yi siriri, in ta wuce ta yi kauri. Haske ma haka yake. Masana suna rarraba hasken tauraro zuwa launuka kamar na bakan gizo, kuma a cikin launukan akwai baƙaƙen layuka sanannu. In tauraron na matsowa sai layukan su gusa wajen shuɗi, in yana komawa su gusa wajen ja. Daga girman gushewar ake lissafa nauyin duniyar, daga maimaituwarta kuma ake sanin tsawon shekararta.

Da wannan hanya ce Michel Mayor da Didier Queloz, mutanen ƙasar Suwis, suka gano duniya ta farko a gefen tauraro mai kama da rana, mai suna 51 Pegasi, a shekarar 1995, daga wata cibiyar nazarin taurari a kudancin Faransa. Babba ce, kusan rabin Mushtari, tana gama kewayenta cikin kwana 4 da ƴan awoyi, kuma tana sa tauraronta rangajin fiye da mita 50 a sakan. An ba su kyautar Nobel a 2019. Amma ku dubi bambanci: Mushtari yana motsa ranarmu da kamar mita 13 a sakan, duniyarmu kuwa santimita 9 kacal, tafiyar kunkuru ke nan. Na'urar HARPS da aka kafa a La Silla ta ƙasar Cili a 2003 ta kai ga auna kamar mita 1 a sakan, abin da bai kai saurin mai tafiya masallaci ba. Ta bayanta, ESPRESSO, wadda ta fara aiki a 2018 a Cili ɗin, an ƙera ta ne da burin kaiwa santimita 10.

Alama ta biyu: dusashewar haske

Idan duniya ta gitta tsakaninmu da tauraronta, sai ta tare wani ɗan yanki na haskensa, kamar ƙaramin husufi. Mushtari zai rage hasken rana kashi 1 cikin 100. Duniyarmu kuwa kashi 1 cikin kamar dubu 12, tamkar a jera fitilu dubu 12 a kashe guda, a ce wa na nesa ya gane. Gittawar ba ta wuce awa 13, sau ɗaya a shekara, kuma ba ta yiwuwa sai hanyar duniyar ta daidaita da idon mai kallo, abin da ke faruwa sau 1 cikin kamar 200. Don haka sai an tsare taurari masu yawa a lokaci guda, dare da rana, shekara da shekaru. Wannan ne aikin da madubin Kepler ya yi daga sararin samaniya: an harba shi a watan Maris 2009, ya ƙura wa taurari kamar dubu 150 ido, kuma kafin a sallame shi a Oktoba 2018 ya samo abin da aka tabbatar da duniyoyi fiye da 2,600 da shi. A cikin abin da ya nuna akwai cewa ƙananan duniyoyi sun fi manya yawa.

Alama ta uku: agogon da ke saɓawa

Akwai wani irin tauraro da ake kira fulsa, ragowar babban tauraro ne da ya fashe. Faɗinsa kamar kilomita 20, yana jujjuyawa da tsananin sauri yana watso igiyar rediyo, kamar mai gadi da ke jujjuya tocila. Bugunsa yana zuwa daidai wa daida, ya fi mafi yawan agogo tsare lokaci. In aka ga bugun yana ɗan gabata yana ɗan jinkiri bisa tsari, to ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da ke jan sa. Da haka Aleksander Wolszczan da Dale Frail suka bayyana duniyoyi biyu a 1992, kowace kamar ninki 4 na tamu, a gefen fulsar da ke juyawa sau 161 a sakan. Su ne na farko da aka tabbatar a wajen gidan ranarmu.

Alama takan yi shaidar zur

Ya ku bayin Allah, a nan wa'azin yake. Alama ba ta zama hujja sai an tace ta. Fuskar tauraro tana tafasa, tana da baƙaƙen tabo masu zuwa su tafi, kuma waɗannan kan haifar da motsin ƙarya da ya fi santimita 9 ɗin nan nesa ba kusa ba. Wani lokaci taurari biyu ne can baya ke husufin juna, sai a zaci duniya ce ta gitta. Wani lokaci kuwa aibin yana cikin na'urar, ko cikin lissafin mai lissafi. Ga labarin mutum biyu, ku auna su.

Na farko Peter van de Kamp, masani a Amurka. Ya shafe shekaru yana ɗaukar hotunan tauraron Barnard, ɗaya daga cikin mafiya kusa da mu, kuma a 1963 ya ce ya ga rangajin da ke nuna babbar duniya. Aka rubuta a littattafai, aka koyar. A 1973 wasu masana suka auna da wasu madubai, ba su ga kome ba. Wani kuma ya nuna cewa irin wannan gushewa ta bayyana a hoton wani tauraro dabam da aka ɗauka da madubin nan nasa, a daidai shekarun da aka yi wa madubin gyara. Ashe motsin na madubi ne. Shi kuwa ya riƙe ra'ayinsa har ya rasu a 1995.

Na biyu Andrew Lyne, masani a Ingila. A 1991 shi da abokan aikinsa suka bayyana duniya a gefen wata fulsa, mai kewayen wata 6. Labari ya game ko'ina. Da ya koma yana bitar lissafinsa, sai ya tarar ba a cire tasirin tafiyar duniyarmu ba yadda ya kamata, domin hanyarta a kewayen rana ba cikakkiyar da'ira ba ce. Da ya gyara, sai duniyar da ya bayyana ta ɓace. A watan Janairu 1992, a babban taron masana falaki a birnin Atlanta, inda aka gayyace shi don ya yi bayanin nasararsa, ya miƙe ya ce babu wannan duniya, kuskure ne. Mahalarta suka tashi tsaye suna jinjina masa. A wannan taron ne kuma Wolszczan ya gabatar da nasa duniyoyin biyu. Su ma ba a sallama masa ba sai da aka gindaya sharaɗi: in da gaske suna nan, lalle su riƙa jan juna, kuma jan zai bayyana a bugun fulsar gwargwado kaza. A 1994 aka ga abin kamar yadda aka lissafa, har da ta uku, ƴar ƙarama mai nauyin wata biyu.

Wannan bai tsaya ga mutanen da ba. A 2012 aka bayyana duniya mai nauyin tamu a gefen tauraron Alpha Centauri B, bisa motsin santimita 51 a sakan. A 2015 masana daga jami'ar Oksfod suka nuna cewa yadda aka rarraba lokutan awon ne ya haifar da alamar, aka share ta daga lissafi.

Wanda ya karanta fiƙihun Malikiyya ba zai ga wannan baƙo ba. Watan azumi yana tabbata da cikar Sha'aban kwana 30, ko da ganin adilai biyu, ko da ganin jama'a mai yawa da ba ta haɗuwa kan ƙarya. Kuma malamanmu sun ce in adilan biyu suka yi shaida, aka ƙirga kwana 30, sama tana garau, ba a ga jinjirin wata ba, to shaidarsu ta faɗi. Masu neman duniyoyi ma sun gindaya wa kansu sharuɗɗa makamantan haka: masu aikin Kepler ba su lissafa alama sai ta maimaitu sau 3 a kan lokacinta, sa'an nan a nemi wata na'ura, a wata ƙasa, a hannun wasu mutane, ta gaskata ko ta ƙaryata.

Abin da ya tsallake tankaɗe

In shaidu biyu suka haɗu, sai sani ya ƙaru. Dusashewar haske tana ba da faɗin duniya, rangaji yana ba da nauyinta. In aka haɗa su sai a san ko dutse ce ko iska. Haka aka yi da CoRoT-7b a 2009: madubin Faransa mai suna CoRoT ya ga gittawarta, HARPS ta auna nauyinta, aka tarar ta dutse ce, shekararta awa 20. A 2016 aka bayyana duniya a gefen Proxima Centauri, nauyinta ya ɗan ɗara na tamu, tana kewaye cikin kwana 11. A 2017 ƙungiyar Michaël Gillon ta jami'ar Liyej a Baljiyam ta bayyana duniyoyi 7 masu kusan girman tamu a gefen ƙaramin tauraro TRAPPIST-1, mai nisan tafiyar haske ta shekara 40. Cikin madubai da suka yi wannan aiki har da na dutsen Ukaimadan a Maroko, da masana daga jami'ar Alƙali Iyal ta Marrakish. Shi kuwa tauraron Barnard, a 2024 da 2025 aka tabbatar masa da duniyoyi 4, kowace ba ta kai rabin nauyin tamu ba, suna kewaye cikin ƴan kwanaki; babu ko ɗaya da ta yi kama da wadda van de Kamp ya ce ya gani.

Game da rai kuwa, har zuwa 2025 ba a tabbatar da shi a ko ɗaya cikinsu ba. Madubin James Webb ya auna zafin ta farko cikin bakwai ɗin nan a 2023, ya tarar ɓangarenta mai fuskantar tauraro ya kai kamar digiri 230, kuma da alama ba ta da iska mai kauri. Hotunan nan masu teku da duwatsu da ake turo muku a salula zanen masu zane ne, ba hoton da na'ura ta ɗauko ba.

Abin da ya hau kanmu

Na farko, kada mu ƙaryata abin da ba mu bincika ba. Aya ta 36 a Suratul Isra'i ta hana mutum bin abin da ba shi da saninsa, kuma mai musu ba da hujja ba ya shiga cikin wannan hani kamar yadda mai da'awa ba da hujja ba ya shiga. Waɗannan duniyoyi ba gaibu ba ne irin wanda Allah Ya keɓanta da saninsa. Halitta ce da nisa ya ɓoye, na'ura ta kusantar. Imam Fakhruddin Ar-Razi, wanda ya rasu a 606 Hijiriyya, tun a tafsirin Fatiha ya yi bayanin cewa ikon Allah ya isa Ya halitta duniyoyi masu ɗimbin yawa bayan wannan tamu. Duk da haka kada mu ja wata aya da ƙarfi mu ce wannan tauraro take nufi. Mun ga yadda aka bayyana duniya aka kuma share ta, maganar Allah kuwa ba a ɗaure ta ga abin da ake sharewa.

Na biyu, mu rarrabe ilimin falaki da duba. Da falaki ake sanin alƙibla da lokutan salla. Mai duba kuwa da'awar sanin rabonka da aurenka yake yi daga taurari, kuma zuwa wurinsa haramun ne. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwar, sai ya miƙe ya gyara musu, ya raba tafiyar rana da wata da mutuwar wani ko rayuwarsa, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito.

Na uku, shi ne mafi nauyi: harshenmu. Mutanen nan sukan jira shekara 3 kafin su ce ga duniya mai shekara irin tamu, alhali in sun yi kuskure ba a zubar da jinin kowa ba. Mu kuwa saƙon murya guda ya iso kan matar wani, ko kan ɗan kasuwa, ko kan limamin wata unguwa, kafin la'asar mun tura shi gida goma. Wa ya gani? Ina na biyunsa? An ji ta bakin wanda ake zargi? Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umurce mu da neman tabbaci kafin mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Aure nawa ya mutu, zumunci nawa ya yanke, a kan maganar da ba ta da ko shaida ɗaya adili? Ƴar ƙaramar duniya tana girgiza tauraron da ya ninka ta sau dubu ɗaruruwa, haka kalma guda ke girgiza babban gida.

Na huɗu, wanda ya yaɗa magana sa'an nan ya gane ƙarya ce, to ya koma inda ya faɗe ta ya warware, a gaban waɗanda suka ji, kamar yadda Lyne ya yi. Mu muka fi cancanta da wannan hali. An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba, kuma hakan bai rage masa kome ba a idon al'umma.

Na biyar, ƴaƴanmu. Duk abin da muka ambata da lissafi aka same shi, kuma lissafin nan shi ne muke bukata wajen rabon gado da zakka. Magabatanmu irin su Al-Battani da Abdurrahman As-Sufi sun auna taurari sun rubuta, har yau sunayen taurari masu yawa na Larabci ne a bakin Turawa. Yaron da ya riƙe allonsa, a ƙarfafa masa ya riƙe lissafinsa, mace da namiji, a madarasa ko a lakwal. In ya zo da tambaya kan sama kada a kore shi da tsawa. A amsa masa da sani, ko a kai shi ga wanda ya sani.

Muna roƙon Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya tsare harsunanmu daga ƙarya da ƙazafi, Ya sanya albarka a karatun ƴaƴanmu, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a ƙasarmu, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Allah ne Mafi sani.